Wanda Ya Ba da Sunan Yaya Abakar

Shekara arba'in da huɗu ke nan da aka binne yayana Abakar a Kuseri, tsallaken kogin Shari, a ƙasar da ba tamu ba. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa shirun. Kwanakin baya wani mutum ya tsaya da mota mai baƙin gilashi a ƙofar gidana a unguwar Habbena, nan Njamena. Ya gaishe ni da Larabci, da ya ji harshena sai ya juya Hausa. Ya ce shi mai son ilimi ne, ya ji labarin marigayi, yana so ya san ko ya bar wani bayani a kan wuraren da ya yi aiki. Na dubi takalminsa, na dubi agogonsa, na ce masa marigayi bai bar komai ba sai mu. Mai yiwuwa mutumin kirki ne. Ban sani ba, ban kuma yi niyyar bincikawa ba. An taɓa yi mana irin wannan tambayar a gidanmu, mun kuwa ga inda ta kai mu.

Mu tsofaffin 'yan gari ne. Kakanmu ya zo da fataucin goro tun Njamena tana amsa sunan da Faransawa suka sa mata, ya kafa gida bayan babbar kasuwa. Da mahaifinmu ya rasu, ƙaninsa Baffa Sale ne ya riƙe gidan da shagon. Gida ɗaya, tukunya biyu: ɓangarenmu da Inna, da ɓangaren Baffa da iyalinsa. Duk namijin da aka haifa a gidan nan kasuwa yake nufa, ban da Yaya Abakar. Shi lekol ya bi, wato makarantar boko, har ta kai shi Faransa, ya dawo da sana'ar da Inna ta rasu ba ta iya faɗin sunanta ba. Idan mata suka tambaye ta aikin ɗanta, sai ta ce, "Dutse yake karantawa." Larabawan unguwa kuwa suka sa masa Abu Hajar, wato mai duwatsu. Yana amsawa da dariya.

Aikinsa yakan kai shi Kudu, wajen Lere, kusa da iyakar Kamaru, tare da wani abokin aikinsa ɗan can yankin. Sai su yi makonni, ya dawo ya yi baƙi, ya rame, da buhu cike da duwatsu. Ba su da wani kyau. Kore-kore ne masu duhu, wasu da santsi kamar sabulu, wasu da zane kamar fatar maciji. Yakan yanka su siriri, ya goge a kan gilashi har haske ya riƙa ratsa su, sannan ya sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ni kaɗai ce a gidan nake tsayawa in leƙa. Abin da yake baƙi ƙirin a hannu, a madubin sai ya koma launi-launi kamar atamfa.

Bayaninsa ban manta ba, domin a tsakar gida ya yi mini shi, wata safiya Inna tana matsar man gyaɗa. Ya ce ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai, kamar ɓawon ƙwai. Ƙarƙashinta akwai wani dutse mai nauyi da zafi wanda babu mai haƙa ya kai gare shi. Amma a can zamanin da babu mutum, idan ƙasashe biyu suka matso juna suka rufe tekun da ke tsakaninsu, wani yanki na gindin tekun yakan hau tudu ya zauna, haɗe da wannan dutsen na can ciki. Turawa suna kiransa ofiyolit, wai dutsen maciji. Shi dai yana zaton abin da ya gani a Lere ke nan: ragowar gindin teku, a ƙasar da ba ta da teku.

Sai ya nuna turmin Inna. Ya ce dutsen can ciki yakan ɗan narke, narkakken ya tashi sama kamar mai, ya bar tunkuza. Duwatsunsa tunkuza ce. A cikinsu akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba. Ruwa da tsufa sun canza duk sauran dutsen, amma su ba su canza ba. Ƙarfe biyu ne a cikinsu ya dame shi: alminiyam, irin na tukwane, da wani wai shi kurom. Alminiyam yana bin mai ya tafi, kurom yana zama a tunkuza. Idan kurom ya yi yawa, an matse dutsen sosai ke nan. Daidai nan Inna ta ɗebo ruwan zafi ta yayyafa a turmin, man ya taso. Yaya ya yi tsalle kamar yaro. "Kin gani, Zainabu? Ruwa ne yake sa mai ya fita da yawa." Ya ce inda gindin wani teku yake nutsewa ƙarƙashin wani yana shiga da ruwa, a nan dutse ya fi narkewa. A tsakiyar teku kuwa narkewar ba ta kai haka ba. Don haka ƙwayoyin nan za su faɗi a wane irin wuri aka haifi dutsen. Shi zatonsa tsakiyar teku ne. Amma injin da ke auna su babu shi a Cadi.

Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To kai man naka a wace kwalba za a zuba?"

Ita wasa take yi. Baffa Sale kam ba wasa yake ba. A ganinsa gwamnati ba za ta ba mutum mota da albashi ya je ya kwaso dutsen banza ba. Wata rana na same shi a bayan ɗakin Yaya ya fasa ɗaya da guduma yana juya ɓarɓashin a tafin hannu. Da ya gan ni bai ji kunya ba. Da yamma ya kira Yaya zaure ya ce, "Abakar, ni ƙanin ubanka ne. In akwai wani abu a cikin duwatsun nan, gidan nan ya kamata ya fara sani." Yaya ya rantse masa babu zinariya, babu lu'ulu'u, babu abin da za a sayar. Baffa ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai karɓa ba.

Sai yaƙi ya shigo gari. Waɗanda ba su gani ba suna ɗauka yaƙi harbi ne kawai. Harbin yana da lokacinsa, yana tsayawa. Abin da ba ya tsayawa shi ne kallon da maƙwabci yake yi maka. Garin ya rabu, kowace unguwa da masu bindigarta, muna ce musu kombatan. 'Yan Kudu suka kwashe iyalansu suka tafi, har da abokin aikin Yaya, wanda ya zo ya yi mana sallama a tsaye, mutanen layi suna kallo. Biro ɗin su Yaya, wato ofishinsu, ya zama kango. Kafin a gama wawashe shi ya ɗauki amalanke ya kwaso akwatunan katako na duwatsunsa ya kawo gida, da rana tsaka. Akwatuna masu nauyi, mutum biyu suke ɗauka. Kafin la'asar wasu sun ce harsashi ne, wasu sun ce zinariya ce, wasu sun ce ajiyar 'yan Kudu ce yake tsare musu. Mutumin da yake zuwa Kudu duk shekara, yana cin abinci kwano ɗaya da ɗan Kudu, ai dole akwai magana. Na gaya masa abin da ake faɗi. Ya ce duk mai shakka ya zo ya buɗe ya gani. Haka yake. Mutum ne da ba ya yarda da dutse sai ya yanka shi ya duba sau uku, amma ɗan Adam duk abin da ya faɗa masa ya ɗauka.

A wannan lokacin ne Alhaji Ɗanlami ya saba da zaurenmu. Baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga ƙasar Kano ba, yana fataucin batir da tocila da kwanon sha, yana tsallake kogi ya je Nijeriya ya dawo ko ana harbi. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, Larabcinsa kuwa na ciniki ne kawai. Abokin shan shayin Baffa ne. Ni tun farko bai kwanta mini ba. Yana dariya kafin ka gama magana, kuma tambayarsa ta yi yawa. Nawa ne nauyin dutsen? Daga wane ƙauye? Turawa suna saye? Yaya kuwa ya samu mai saurare, ya zage yana bayani. Rannan sai Alhajin ya ce, tunda injin yana waje, shi zai iya kai duwatsun Nijeriya. Yaya yana da wani aboki a wata jami'a a arewacin ƙasar, Dakta Yusufu, wanda yake da hanyar aika su inda za a auna.

Yaya ya zaɓi ƙanana ya rubuta wa kowanne lamba da farin fenti, ya zuba a jakar yadi. Na ce, "Yaya, ka san mutumin nan kuwa?" Ya ce, "Na san yana zuwa Nijeriya, ni kuma ba na zuwa. Gobe in harsashi ya faɗo ɗakin nan, shi ke nan aikin shekaru ya tafi." Alhaji Ɗanlami ya karɓi jakar ya tafi.

Ba a yi mako ba kombatan suka zo, da hantsi, muna shara. Ba su yi dube-dube ba. Sunan Yaya suka kira, suka wuce kai tsaye ɗakin da akwatunan suke, kamar wani ya zana musu gidan. Suka loda akwatunan a mota, suka loda shi. Inna ta riƙe rigar babbansu tana roƙo da Larabci, ya cire hannunta a hankali kamar mai cire ƙaya. Baffa Sale yana zaune a zaure suka wuce ta gabansa, bai tashi ba, bai ce uffan ba. Na gani da idona. Na riƙe wannan a zuciyata shekaru masu yawa, ban taɓa tambayar kaina me tsoho marar makami zai yi in ya tashi ba.

Makonni suka wuce. Wata rana masu sayar da gawayi suka kawo shi a amalanke, sun tsince shi a bakin kasuwa. Yatsunsa sun kumbura, yana tari, haƙoransa biyu babu. A hankali muka ji abin da ya faru. Sun fasa duwatsun duka ba su ga komai ba, sai suka ce ya ɓoye masu kyaun. Suka ce ya faɗi ƙauyen da ramin zinariyar yake. Ya ce babu rami, babu zinariya. Ya yi musu bayanin teku. Suka ce yana raina musu hankali, yana tanadin dukiyar ƙasa wa 'yan Kudu. Na tambaye shi me ya hana shi faɗin sunan kowane ƙauye ya huta. Ya ce mutanen ƙauyukan nan sun ba shi ruwa da wurin kwana, in ya faɗi suna, wata rana mota za ta tsaya a can.

Raunin jiki ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Mutumin da ya dawo ba ya yarda da kowa. Abinci in daga ɓangaren Baffa ya fito ba ya ci. In an yi sallama a zaure sai ya ja jiki bayan ƙofa. Yana kwance yana lissafa waɗanda suka san ɗakin da akwatunan suke. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Zainabu, ke kin gaya wa wani?" Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa dutse kafin ya yanka shi. Sannan ya sake ni. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Da faɗa ya tsananta muka bi jama'a muka tsallaka Kuseri a kwale-kwale, shi a kwance a tsakiya, kansa a cinyar Inna. A wata rumfar zana muka zauna, mu da wasu iyalai. Tarin ya ci gaba, magani babu. Kafin damina ta sauka ya rasu. Daga inda aka binne shi ana hango hayaƙin Njamena.

Da muka dawo, abu na farko da Inna ta yi shi ne ta sa aka ja katanga a tsakar gida tsakaninmu da ɓangaren Baffa. Babu wanda ya fito ya ce wane ne ya kai sunan Yaya. Amma a ɓangarenmu sunaye biyu ne: Baffa Sale, da Alhaji Ɗanlami, wanda ya ɓace da jakar bai ƙara waiwayarmu ba. Inna ta fi karkata ga Baffa, ni na fi karkata ga baƙon. Bayan wasu shekaru muka ji Alhajin ya dawo gari ya sayi fili a Lamaji. Mun haɗu a kasuwa fiye da sau ɗaya, kowa ya kau da kai.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga garin nan yau. An yi gada a kan kogin da muka tsallaka a kwale-kwale. Habbena da nake zaune, a zamaninsa jeji ne. Samari suna sayar da babur su sayi injin neman zinariya su nufi hamada, wasu su dawo da mota, wasu ko labarinsu ba a ƙara ji. Kowa yanzu ya san dutse yana da daraja, amma daraja iri ɗaya suka sani, irin wadda Baffa ya nema da guduma. Ina jin wannan zai ba Yaya haushi. A ɗaya gefen kuma, na koyar a makaranta har na yi ritaya, kuma cikin 'yan matan da na koyar akwai wadda ta karanci dutse a jami'a. Ta taɓa nuna mini hoton ƙwayoyin nan baƙaƙe a wayarta, tana yi mini bayaninsu kamar ban taɓa ji ba. Na bar ta ta gama. Da Yaya ne, da ya manta da abinci ranar nan.

Kimanin shekara goma da rasuwarsa wani baƙo ya yi sallama, dogo mai tabarau, da Hausar Nijeriya. Ya ce shi ne Dakta Yusufu, Abakar yake nema. Bai san ya rasu ba. Da Inna ta gaya masa, sai ya cire tabarau ya zauna a dakali. Daga baya ya ba mu labari. Jakar ta isa hannunsa. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo, ya tarar Daktan ya yi tafiya, ya ƙi bai wa kowa, ya riƙa zuwa yana zama a ƙofar ofis har ya dawo. Duwatsun sun daɗe a ajiye, sai da ya samu tafiya ƙasar waje ya tafi da su aka auna. Kurom ya yi yawa a ƙwayoyin. Wato an matse dutsen sosai, da ruwa a cikin lamarin. Zaton Yaya na tsakiyar teku bai yi daidai ba. Daktan ya ce duwatsun sun yi kaɗan a yanke hukunci, shi ya sa ya zo, su koma Lere tare su ƙaro. Ya kuma ce wani abu da ya tsaya mini: da ya duba irin waɗanda Yaya ya zaɓa ya aika, ya ga waɗanda suka fi iya ƙaryata zatonsa ne ya tura.

Inna ta ce, "Zinariya fa?" Ya ce, "Mama, ko ƙwaya babu."

Shi ma ban bar shi ya tafi haka ba. A raina na ce shekara goma ina yake? Wa ya sani ko ya rubuta aikin da sunansa shi kaɗai? Da na tambaye shi ya ce ya sa sunan Abakar. Ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa ganin akasin haka ba. Yaƙin ya koya mini wannan halin, ya zauna mini kamar ciwon gwiwa. Amma zuwansa ya canza abu ɗaya. Alhaji Ɗanlami, mutumin da ya zauna a ƙofar ofis yana gadin amanar wani, ta yaya zai zama shi ya ci amanar? Sai duk nauyin ya koma kan Baffa Sale. Ba da daɗewa ba ya rasu. Na je gaisuwa na tsaya daga bakin ƙofa, ban zauna ba, ban sha ruwa ba. 'Yarsa Hauwa, wadda muka tashi tabarma ɗaya da ita, ta dube ni ta kau da kai. Bayan Inna ta rasu aka sayar da gidan, kowa ya kama gabansa. Hauwa ta koma Butalbagar. Gari ɗaya muke, amma sai a biki ko makoki muke hangen juna.

Shekaru kaɗan da suka wuce matar Alhaji Ɗanlami ta zo gidana ta ce mijinta yana son ganina. Na yi kamar ba zan je ba, sai na je. Na same shi da azahar a ƙarƙashin darbejiya a Lamaji, ya makance, ya zama ƙashi da fata. Dariyar nan babu ita. Ya ce wa matar ta ba mu wuri.

Ya ce, "Malama Zainabu, ni ne."

Na ce, "Kai ne me, Alhaji?"

Ya ce ranar da ya karɓi jakar, a bakin kogi kombatan suka tsayar da shi suka zazzage kayansa. Suka ga duwatsu da lambobi. Ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a kunne ya ce na wane ne. Ya ce na wani malamin dutse ne, ba su da amfani, gwaji za a kai su. Suka ce wane malami, wane gida, wane ɗaki. Ya faɗa. Suka ɗebi wasu suka jefa masa sauran. Ya shiga kwale-kwale ya tafi. Ya ce yana tsakiyar ruwa ya san abin da ya yi, ya kuma san ya kamata ya juya ya gargaɗe mu, bai juya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya kai jakar, shi ya sa ya zauna a ƙofar nan. Ya ce, "Ki yafe mini. Kwanana ya ƙare."

Na tambaye shi, in sun ɗauka zinariya ce, me ya sa suka bar shi ya wuce da sauran? Ya ce, "Allah ne ya rufe idonsu." Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ya ba su wani abu, ko sun san shi tun da, ko ba a bakin kogi aka yi maganar ba. Har yau ina juya ta. Na ce masa nawa haƙƙin na yafe, na Yaya kuwa ba a hannuna yake ba. Bai yi wata biyu ba ya rasu.

Abin da ya hana ni barci bayan nan Baffa ne. Ko ma yaya aka yi a bakin kogin, sunan ba daga bakinsa ya fita ba, ga shi ya tafi kabari da katanga tsakaninsa da 'ya'yan wansa. Na ɗauki mayafi na hau babur zuwa Butalbagar. Na sami Hauwa tana tsince shinkafa, gashinta ya yi fari kamar nawa. Na zauna na gaya mata komai. Na ce mun zargi mahaifinta a kan abin da bai yi ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da tsintar, sannan ta ce, "Mu kuma a ɓangarenmu ke aka ɗauka."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "Ke kaɗai kike shiga ɗakin. Ke ce 'yar lise, ƙawayenki kowace ƙabila akwai. Baffa ya ce ba da gangan kika yi ba, bakin yarinta ne. Ya hana kowa ya faɗa wa Inna, ya ce ta rasa ɗa, kada ta rasa 'ya. Da aka ja katangar ya ce a bar ta, gara a ce shi ne."

Tsohon da na tsaya a bakin ƙofarsa na ƙi shan ruwa, ashe kare ni yake yi daga laifin da ban yi ba, kamar yadda nake hukunta shi a kan laifin da bai yi ba. Gida ɗaya, babu wanda ya tambayi wani. Hauwa ta ce, "Kuma kin yarda da abin da Alhajin ya gaya miki?" Na ce rabi. Ta ce rabin ma ya isa a ci abinci.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Abakar, ba shi da yawa. Ba mata, ba ɗa, ba hoto sai ɗaya na katin aiki. Kabarinsa ruwa ya share alamarsa. Ko zatonsa a kan teku bai tsaya ba, kuma na ji har yanzu masana ba su gama daidaitawa a kan duwatsun yankin ba. Amma akwai ƙauyuka a wajen Lere da mota ba ta taɓa tsayawa a cikinsu saboda shi ba, mutanensu ba su ma san an taɓa tambayar sunansu ba. Ni ma ban san sunayen ba. Ya tafi da su.

Ranar nan a Butalbagar na zauna har shinkafar ta nuna. Hauwa ta zuba mana a kwano ɗaya. Muka sa hannu, kowacce tana jiran ɗaya ta fara kai loma. Da muka lura da abin da muke yi, ita ta fara ci.